Wasiƙa Daga Birmingham: Likita Mila da Samarin Mishan a Ƙasar Hausa



Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga Baba da Inna, da Kawu, da Gwaggo, da sauran 'yan uwa da abokan arziki na gida da na waje, ina fata kowa yana nan lafiya. Ni ma lafiya lau nake, sai dai sanyi, wanda har yau ban saba da shi ba, kuma ba na jin zan saba. Na san na yi shiru kwana biyu, a yi mini afuwa, karatu ne ya sha mini kai.

Wannan wasiƙa bashi ce nake biya. Ranar Juma'ar da ta wuce da muka yi waya da Kawu, ya tambaye ni me nake karantawa ne takamaimai, na ce masa tsofaffin wasiƙun 'yan mishan da suka zauna a Zariya. Ya yi shiru, can ya ce, "To kai yanzu duk wahalar da aka sha aka kai ka Ingila, ka rasa abin karantawa sai wasiƙun 'yan mishan?" Kafin in haɗa amsa waya ta yanke. Na san ba Kawu kaɗai ke da wannan tambaya a ransa ba, shi ne dai ya iya furta ta. Saboda haka ga amsar a rubuce, kowa ya samu. Tana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Bari in fara da inda takardun suke. Akwai wata ƙungiyar mishan ta cocin Ingila da ake kira CMS, wadda aka kafa a Landan a 1799. Tsofaffin takardunta suna ajiye a nan Jami'ar Birmingham, a wani ɗakin adana takardu da ke ƙasan wani dogon bene. Ba a shiga da biro sai fensir, ba a shiga da jaka ko abin sha. Ƙa'idar ƙungiyar ita ce kowane ma'aikacinta da ke ƙasar waje ya rubuto wa kwamitin Landan wasiƙa duk shekara, ban da waɗanda yake aikowa in wata buƙata ta taso. To kun ga ke nan a cikin kwalayen nan akwai labarin ƙasarmu na shekarun da Turawa ke shigowa, daga bakin baƙin da suka kwana suka tashi a cikinta.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne shekarunsu. Mu a gida in an ce ɗan mishan, abin da ke zuwa ranmu tsohon Bature ne mai furfura. Ashe waɗanda suka fara zuwa samari ne, da yawansu da yau ne ƙannena ne. A 1890 wasu biyu, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, suka sauka a Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa. Suka ajiye kwat da wando suka sa riga irin tamu, suka duƙufa koyon Hausa. Robinson ya mutu a 1891, Brooke ya bi shi a 1892 bai kai shekara talatin ba. A ƙarshen 1893 wasu uku daga Kanada da Amurka suka sauka a Ikko: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, kudu da Zariya, Kent kuma a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida da rai, kuma shi ne ya raya ƙungiyar SIM, wadda cocin ECWA ya fito daga cikinta. Wato duk saurayin da ya ce zai tafi bayan waɗannan, ya san abin da ya samu na gabansa.

A cikin waɗanda suka ce za su tafi ɗin akwai Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. An haife shi a 1872 a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Abin da zai ba ku mamaki shi ne ba Najeriya aka fara tura shi ba. Tarabulus aka tura shi, ta ƙasar Libiya, lokacin tana hannun Turkawa, tare da abokan aikinsa biyu, don su koyi Hausa.

Me ya haɗa Hausa da Tarabulus? Fatauci da aikin hajji da bauta. Ayarin raƙuma ya daɗe yana tashi daga Kano, ya ratsa Agadas da Ghat da Ghadames har bakin Bahar Rum, ɗauke da fatu da gashin jimina da hauren giwa. Saboda haka a Tarabulus akwai Hausawa zaune, wasu fatake, wasu maniyyata da guzuri ya ƙare musu, wasu kuma bayi da aka 'yanta. Ga Bature, wurin ya fi bakin Kwara lafiya nesa ba kusa ba, ga jirgin ruwa na zuwa Turai a kai a kai. A can ne Mila ya haɗu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdul Majid Tafida, wanda ya fito aikin hajji da mahaifinsa, mahaifin ya rasu a hanya. Daga baya wannan yaro ya zama ɗaya daga cikin mutanen da suka fi kusa da shi a Zariya.

Ku yi tunanin rayuwar saurayin likita a wannan hali. Ya bar asibiti babba a Landan, ga shi zaune a gaban wanda bai taɓa shiga aji ba, yana maimaita kalma ɗaya sau goma ana yi masa dariya. Mu da muka sha Hausa a nono ba mu san wuyarta ba. Kunnen Bature ba ya raba kafa da ƙafa, ko kara da ƙara, ko bata da ɓata. In ya tsallake wannan sai ya faɗa wa karin sauti da jan wasali: gari na zama da gari na tuwo, kuka na hawaye da kuka ta miya. A lokacin littattafan koyo ƙalilan ne, akwai na Schön, akwai na Charles Robinson, ɗan'uwan wancan da ya mutu a Lakwaja, wanda ya je Kano a ƙarshen 1894. Saura sai kunne da haƙuri. A 1901 Mila ya fitar da ɗan littafinsa na nahawun Hausa.

A watan Disamba na 1899 su biyar suka tashi daga Ingila: Bishop Herbert Tugwell a matsayin jagora, sai Mila, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin. Mila yana da shekara 27. Babu jirgin ƙasa zuwa Arewa, don bai iso Kano ba sai 1911. Saboda haka daga ƙasar Yarbawa har Kano, kusan kilomita dubu daga Ikko, tafiyar ƙasa ce, da ayarin 'yan alaro ɗauke da akwatuna a ka. Wanda ya san tafiyar wancan zamani ya san ranar matafiyi tun asuba take farawa, a yi ta sauri kafin rana ta take, a sauka a zango, a nemi izinin mai gari, a nemi ruwa da hatsi. Kuɗin ƙasar kuwa wuri ne, wanda nauyinsa kaɗai ya isa ya ci mai ɗaukarsa, shi ya sa matafiya ke ɗaukar yadi da wasu kaya suna musaya. Ga sauro. Shekara biyu kacal kafin nan, a 1897, Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓi, don haka kwinin da gidan sauro su ne garkuwarsu. Ruwan sha kuwa shi ke kawo atuni, kuma atuni ya kashe Turawan farko da yawa.

Sun iso Zariya a watan Afrilu na 1900, a tsakiyar bazara. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su hannu biyu, kuma yana da dalilinsa, domin Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya addabi ƙasarsa da hari, yana bukatar abokai ko daga ina. Daga nan suka wuce Kano. A fadar Sarki Alu Babba labari ya sha bamban. Ya saurare su, ya nuna musu ba ya bukatar abin da suka kawo, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari.

A littattafan mishan na da, akan kawo wannan a matsayin taurin kan sarki. Amma a duba abin da Alu ya sani. A 1897 sojojin kamfanin Turawa na Kwara sun ci Bida da Ilorin. Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce Arewa ta shiga hannunsu. Wata uku bayan haka sai ga Turawa biyar a ƙofar Kano suna cewa su malamai ne da likita. Ruwa ba ya tsami banza. Shi kansa Lugga bai ji daɗin tafiyar ba, don sun yi gaba ba da yardarsa ba, alhali ba shi da ƙarfin da zai kare su. Shekara uku bayan haka, a Fabrairun 1903, Kano ta faɗa hannun sojojinsa.

Da aka kore su sai suka dawo suka yada zango a Girku, garin da Gowans ya mutu shekara shida kafin nan, inda a lokacin akwai ƙaramin sansanin soja. Damina ta sauka a kansu a cikin bukkoki. A watan Yuni atuni ya kashe Dudley Ryder, wanda suka koyi Hausa tare da Mila a Tarabulus. Ciwo ya tilasta wa Richardson komawa gida. Daga baya gobara ta cinye musu gida. Ƙarshe dai sai da suka janye zuwa Loko, a bakin Binuwai. Wannan ita ce shekarar farko ta aikin da suka yi shekaru suna shiri dominsa: kabari ɗaya, da toka, ba su samu ko mutum guda ba.

Mila bai haƙura ba. A 1905, bayan Turawa sun ci ƙasar, aka ba shi izinin zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ya zauna a Durumin Maigarke. A nan ne nake so ku tsaya da ni, domin a nan ne abin da nake nazari yake, wato yadda ranar irin wannan mutum take wucewa.

Wanda bai sani ba zai ɗauka wa'azi yake yi daga safe har dare. Wa'azi shi ne mafi ƙaranci a cikin aikinsa. A Sakkwato, a Maris ɗin 1903, Lugga ya yi alkawarin gwamnati ba za ta sa baki a addinin Musulmi ba, kuma jami'an da suka biyo bayansa sun riƙe wannan alkawari a matsayin hujjar taka wa 'yan mishan birki a masarautu. Ba don son Musulunci suka yi ba, don mulkinsu ya dogara ne da sarakuna, ba su son abin da zai tada ƙura. Saboda haka Mila yana cikin birni, amma ba shi da sakewar da zai tsaya a kasuwa ya tara jama'a.

Abin da ya rage masa uku ne. Na farko magani. Da safe masu ciwo su taru a ƙofar gida, da irin cututtukan da kakanninmu suka sha fama da su: gyambo, kurkunu, ciwon ido, zazzaɓi, kuturta. A tuna a lokacin babu allurar fenisilin, ba ta zo ba sai bayan shekara kusan arba'in. Likita abin da ke hannunsa wanke miki ne, da ɗauri, da kwinin, da 'yar tiyata, da tsabta. Duk da haka wanda ya yi shekara yana jan ƙafa da gyambo, in ya warke, ba ya mantawa. Shi ya sa sunan da ya bi shi har kabari Likita ne.

Na biyu yara. Bai taɓa aure ba, gidansa ya zama gida kuma makaranta. Yaran da ke hannunsa a nan suke kwana, a nan suke ci, a nan suke koyon karatun boko da lissafi da Turanci da kuma addininsa. Ya so a ba shi 'ya'yan sarakuna da malamai ya koyar, har ya tsara wa gwamnati yadda za a yi, amma abin bai yi nisa ba, domin iyaye sun san makarantarsa ba a raba ta da coci. Ba a yaudare su ba, shi ma kuma bai ɓoye ba.

Na uku, wanda ya fi cin lokacinsa, fassara. Ya zauna da masu jin Hausa ana juya jumla ɗaya, ana neman kalmar da za ta ɗauki ma'ana. A nan akwai abin lura. Duk kalmar da zai nema ta addini, sai ya tarar Musulunci ya riga shi zama a cikinta: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, Linjila, Almasihu. Ba shi da wata hanya sai ya ari kayan gidan da ya zo ya canza. Wannan aiki ya ci shekaru, sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma Mila ne ƙashin bayan aikin, tare da wasu 'yan mishan da Hausawan da suka taya shi.

In dare ya yi sai fitila da takarda. Wasiƙa tana ɗaukar makonni kafin ta isa Landan, amsa ta ɗauki wasu makonnin. Mai karanta irin waɗannan wasiƙu zai ga abubuwa ƙalilan ne ke ta dawowa: lafiyar jiki, ƙarancin kuɗi, roƙon a turo ƙarin ma'aikata, ƙorafi kan jami'an gwamnati, da alkawarin cewa nasara ta kusa. Wannan na ƙarshe shi ya koya mini karatu da hankali. Mai rubutun ya san waɗanda za su karanta su ne masu ba da kuɗin. Ya san za a tsinci wani sashe a buga a mujallar ƙungiya, a karanta wa masu sadaka a coci. Don haka duhun ƙasar sai ya ƙara duhu, ɗan hasken da aka samu sai ya ƙara haske. Ba lallai ƙarya yake yi ba, zaɓe yake yi. Da na gane haka sai na ji kunya kaɗan, don ni ma in zan rubuto muku, ba na ba ku labarin daren da na kwana ina tunanin tattara kayana in dawo.

Kada a ɗauka yabonsa na zo yi. Mila ya goyi bayan cin ƙasarmu da yaƙi, yana ganin sai an karya mulkin Fulani sannan ƙofa za ta buɗe masa. Ya yi wa gwamnatin Lugga aikin fassara. Rubutunsa kan sarakuna da kan Musulunci yana da zafi, wani wurin ma sai ka ajiye takardar ka fita shan iska. Tsakaninsa da Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda muka sani da waƙoƙinsa, zaman doya da manja ne, kuma ƙorafe-ƙorafen da ya riƙa kai wa gwamnati suna cikin abin da ya jawo aka tuɓe sarkin aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924. A ɗaya gefen kuma, abubuwan da ya yi ta kuka a kansu, wato bauta da zaluncin masu karɓar haraji da danne talaka, ba shi ya ƙirƙire su ba. Bayan shekaru 'yan NEPU sun faɗi irinsu da bakin Hausa. Mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, kuma tarihi ba ya ba ka damar ɗaukar rabi ka bar rabi.

Babban kuskurensa, shi da waɗanda suka turo shi, tun daga Ingila suka taho da shi. Sun gaskata cewa Musuluncin Bahaushe na sama-sama ne, wai Fulani ne suka ɗora masa da takobi a jihadin 1804, saboda haka da zarar an ɗauke hannun Fulani zai ajiye. Sun manta, ko ba su sani ba, cewa Tarihin Kano ya kawo zuwan Wangarawa da addini tun zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, kuma Shehu Maghili ya zauna a Kano zamanin Rumfa, shekara ɗari uku kafin Shehu Ɗan Fodiyo. Aka ci ƙasar, aka tuɓe sarakuna, Bahaushe ya ci gaba da sallarsa. A cikin birnin Zariya waɗanda suka bi Mila tsiraru ne ƙwarai.

Jama'ar da ya samu daga wata hanya ta zo, wadda bai zata ba. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya riƙa ba Annabi Isa matsayi na musamman a karatunsa. Aka kashe shi, almajiransa suka watse wajen Ningi da kewaye, ana kiransu Isawa. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Mila a Zariya. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ƙarƙashin kulawar wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan mai suna Thompson. Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya yi wa ƙauyen mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka dawo Zariya. A 1929, bayan matsin lamba na shekaru daga gwamnati da masarauta, mishan ɗin ya fita daga birni ya koma Wusasa. Cocin St Bartholomew da aka gina a can da ƙasa, da ginin Hausa, yana nan har yau, kuma duk wanda ya je asibitin Wusasa ya wuce ta kusa da shi.

To yanzu a duba abin da ya saura. Samari uku sun yi aiki a wannan mishan a farkon shekarun 1900. Mila ya bar fassara. George Bargery ya bar mishan ya shiga aikin ilimi na gwamnati, a 1934 ya fitar da ƙamus ɗin Hausa mai kalmomi kusan 39,000, wanda har yau duk mai nazarin Hausa sai ya buɗe shi. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, shi ma ya bar mishan, a 1909 ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nasarawa, Kano, gidansa kuma yana nan ana zuwa kallo. Rubutun boko da nake yi muku wannan wasiƙa da shi, suna cikin waɗanda suka tsaya sai gwamnati ta ɗauke shi a maimakon ajami. Wannan riba ce da hasara a haɗe, domin rana ɗaya aka wayi gari malaman da suka iya karatu da rubutu ɗaruruwan shekaru ana lissafa su cikin jahilai.

Daga 'yar makarantar nan kuma aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da sunansa, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A wannan jami'ar da nake ya yi karatun likitansa. Akwai John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Akwai Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi. Shi kuwa Mila, Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baƙo bai tashi da hantsi ba. A Bukuru ya mutu a 1952, yana da shekara 80.

To Kawu, ga amsata. Na farko, in ba mu karanta takardun nan ba, wasu za su karanta su faɗa wa duniya ko mu su wane ne, kamar yadda aka daɗe ana yi. Wanda ya san Zariya, ya san abin da kalma ke nufi a bakin Bazazzagi, ya san abin da kakanni suka faɗa a zaure, shi ne zai iya gane inda mai wasiƙa ya gani daidai da inda ya ga abin da yake so ya gani. Na biyu, mutanen Wusasa 'yan uwanmu ne, Hausawa da Fulani, tare muka yi makaranta da jikokinsu. Jihar da ta ga abin da Kaduna ta gani a 1987 da 1992 da 2000 ba ta da halin jahiltar yadda maƙwabtanta suka samo asali.

Na uku kuwa ya shafe ni ni kaina. Na shiga shekara ta biyu a garin nan. Na san hanyar masallaci, na san shagon da ake sayar da naman halal da garin tuwo, na san ɗakin kowane ɗan Najeriya da ke jami'ar. Amma gidan Bature da na taɓa shiga na ci abinci bai wuce biyu ba. Duk da haka sau nawa na rubuto muku cewa Turawa kaza ne, Turawa kaza ne? Ga mutumin da ya yi shekara hamsin a cikinmu, ya ji Hausa har ya rubuta nahawunta, ya wanke mana gyambo da hannunsa, amma ra'ayin da ya sauko da shi daga jirgi ya daɗe yana rufe masa ido. In haka ta samu mai shekara hamsin, ina ga mai wata goma sha takwas? Saboda haka duk abin da na rubuto muku game da mutanen nan, ku riƙa ragewa, kamar yadda nake rage na Mila.

Akwai taimakon da nake nema. Gwaggo ta taɓa ce mini kakarsu ta ba su labarin lokacin da ake zuwa karɓar magani wurin Likita a cikin birni. Don Allah Yaya, in ka samu sarari ka zauna da ita ka ɗauki maganarta a waya, yadda ta ji, ba gyara. In akwai wani dattijo a unguwa da ya ji wani abu daga iyayensa, mai daɗi ko marar daɗi, shi ma ina so. Takardun da ke nan bakin mutum ɗaya ne, ina neman ɗaya bakin.

A gaida Inna ƙwarai, a ce mata yajin da ta aiko ya iso, kuma ina lallaɓa shi. A gaida yara duka, a ce su dage da karatu. Kawu, in amsar ba ta gamsar ba, ina jiran waya ranar Juma'a in Allah ya kai mu. A ci gaba da sa ni a addu'a, Allah ya sa a gama lafiya, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naku a kullum,
ɗanku kuma ɗan'uwanku a Birmingham.